Da na buɗe baki sai hannu ya tsaya

Assalamu alaikum Yaya. Shekara ɗaya da rabi ke nan ina koyon jita, ni kaɗai a ɗaki, da bidiyon intanet. In kiɗa ne zalla ina yi ba laifi, in waƙa ce zalla mutane kan ce muryata da daɗi. Amma da zarar na ce zan haɗa su sai komai ya wargaje: ko hannu ya tsaya cik, ko ya koma bin bakina, ko baitin ya ɓace mini. Mahaifiyata za ta ajiye aiki nan da mako shida, 'yan'uwa za su taru a gida su taya ta murna, ni kuma na rubuta mata waƙa da nake so in rera da jitata. Tana farawa da "Dare ya raba, ba ki runtsa ba". Ko wannan layin na farko ban taɓa ƙetare shi lafiya ba. Wani abokina da ya fi ni iya kiɗa ya ce abin baiwa ne, wanda ba a ba shi ba ya haƙura. Ga muryar da na ɗauka na haɗo maka. Shin in haƙura ne?

Ƙaninka mai jita

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ya sa ta ci gajiyar wahalar da ta yi.

Kada ka haƙura. Na saurari muryar da ka turo har sau huɗu, ban ji alamar wanda aka hana wa baiwa ba. Na dai ji mutumin da ya ɗora wa kansa kaya biyu a lokaci ɗaya, kowanne bai gama ɗauruwa ba. Abokinka yana da 'yar gaskiyarsa a wuri ɗaya: zaƙin murya da kaifin kunne akwai rabon da ake haihuwar mutum da shi, wani ya fi wani. Amma haɗa hannu da baki koyonsa ake yi, kamar yadda direba ke koyon tuƙi yana hira da na kusa da shi. Yawancin waɗanda suka iya sun manta watannin da suka yi suna tuntuɓe, to da yake sun manta, sai su ce da shi aka haife su.

Bari in gaya maka abin da ke cikin muryar taka, don wataƙila kai ba ka ji shi yadda na ji ba. Kafin ka buɗe baki ka zagaya kiɗan sau biyu, tsaf, ba tangarɗa. Da ka zo shiga sai hannun ya ɗan dakata yana jiran bakin. Daga "Dare ya raba" ya saki kiɗan da ya faro, ya koma taɓa tsirkiya sau ɗaya a kan kowace gaɓar kalma: da, re, ya, ra, ba, taɓawa biyar. Wato hannunka ya zama ɗan amshin bakinka. Da aka iso "ba ki runtsa" sai komai ya tsaya, na ji ka ja tsaki. Sau uku ka gwada a cikin muryar, sau ukun nan a wuri ɗaya ka faɗi. Ni wannan albishir na ɗauke shi, domin ciwon da ke zaune wuri ɗaya ya fi sauƙin magani.

Hausawa sun ce, a gafarce ni, ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu, kuma masu binciken ƙwaƙwalwa ba su ƙaryata su ba. Abu ɗaya hankalin mutum yake iya tsarewa sosai a lokaci guda. Wanda ka gani yana kiɗa yana waƙa har yana yi wa jama'a murmushi, hankalinsa ɗaya ne irin naka. Ɗaya daga cikin ayyukan ne ya daina neman kulawa, ya koma tafiya da kansa. A 1967 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Paul Fitts da Michael Posner, suka bayyana cewa koyon aikin hannu yakan bi matakai uku. Da farko kana tunanin kowane motsi, kana gaya wa yatsa inda zai sauka. Daga nan motsin ya fara haɗewa, kuskure ya ragu, amma har yanzu sai ka sa ido. A mataki na uku ne aikin ke gudana ko da hankalinka yana wani wuri. Kiɗanka yana mataki na biyu. Yana tafiya lafiya matuƙar kana tsaye a kansa kamar mai gadi. Da waƙa ta kira mai gadin ya waiwaya, sai hannu ya rasa mai ba shi umarni, ya cafki abin da ya fi kusa da shi ya bi, wato motsin bakinka.

In kana so ka tabbatar, ka kama kiɗan ka sa wani a gida ya riƙa jefo maka tambayoyi: bakwai sau takwas nawa, me ka yi shekaranjiya da yamma, su wane ne ajinku a firamare. Ko ka buɗe jarida ka karanta da ƙarfi. In hannu ya ci gaba ba gargada, to ya nuna. In ya yi tuntuɓe, da sauransa.

Yanzu ga maganar da ba za ta yi maka daɗi ba. Kiɗan da ka zaɓa wa waƙar nan ya fi ƙarfin mako shida. Irin wanda ake taɓa tsirkiya ɗai-ɗai ne, babban yatsa na kai-komo tsakanin masu kauri, sauran yatsu na cusa nasu a tsakanin bugu. Shi kansa aiki biyu ne, ka zo ka ɗora masa na uku. Ina kuma zargin ba don Mama ka zaɓe shi ba, don abokin nan ne. Ni ma na taɓa zama saurayi mai aboki gwani, na san yadda ake kwana ana koyon abu mai wuya don kawai a ga ya zaro ido. Mama kalmominka za ta saurara, ba ruwanta da ko da wane yatsa ka kaɗa. Ka tuna Ɗan Maraya Jos: kuntiginsa tsirkiya ɗaya ce tak, ɗan gajeren kiɗa yake maimaitawa a ƙarƙashin murya, amma shekara da shekaru mutane na barin abin da suke yi su saurara. Kai kana da shida. Ajiye wancan kiɗan, ba zai gudu ba, bayan taro ka koma masa.

Abin da za ka yi gini a kansa shi ne bugu. Masu koyo kan ɗauka waƙa da kiɗa ake ɗaurewa da juna, kamar akuya biyu a igiya ɗaya, kowace na jan 'yar'uwarta. Haka ka yi, ka kuma ga wadda ta fi ƙarfi ta ja ɗayar. Turke ake kafawa a ɗaure kowace a jikinsa, turken kuwa shi ne bugun da ba ya sauri ba ya jinkiri. Ka sauke manhajar metironom a wayarka, na'urar nan mai ƙwas-ƙwas a kan lokaci. Tun 1815 Johann Maelzel ya yi mata rajista, kuma na tabbata tun lokacin masu koyo ke jin haushinta, domin ba ta da kara. Ka sa ta a 60, bugu ɗaya kowace daƙiƙa, ka riƙa taka ƙafa tare da ita kana ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu. Waƙarka mai bugu hurhuɗu ce, kamar yawancin waƙoƙin da ake kaɗa wa jita.

Sannan ka ɗauki jitar, amma kada ka kama kod ko ɗaya, wato haɗin tsirkiyoyin da yatsun hagu ke dannewa tare su ba da sauti guda. Shimfiɗa yatsun hagu a kan tsirkiyoyin su kashe sautin, yadda in ka kaɗa sai dai ka ji cak, cak. Jita ta zama ganga ke nan, hannun hagu ya tafi hutu (in kai bahago ne ka juya maganar). Hannun dama ya sauka a kan kowane bugu, ya hau a tsakani: sauka, hawa, sauka, hawa, motsi takwas a zagaye ɗaya. A kan wannan za ka faɗi kalmomin waƙar, magana kawai, ba rerawa.

A nan ne takarda da biro za su yi maka abin da kunne ya kasa. Rubuta layin da manyan haruffa, ka rarraba shi gaɓa-gaɓa, ka ba su tazara. Harshen da ka yi waƙar da shi ya riga ya yi maka rabin aikin, domin gaɓoɓin Hausa iri biyu ne, akwai mai nauyi akwai marar nauyi, kuma a kan wannan bambancin karin waƙa yake tafiya. A kalmar "dare", "da" gajeriya ce, "re" doguwa. Shi ya sa a yadda kake rera ta, "da" ba a kan bugun farko take ba. Tana shigowa kafinsa, a kan hawan hannu na ƙarshe na zagayen da ya wuce, "re" ce ke sauka a kan ɗaya. Dakatawar nan da na ji hannunka ya yi, ga asalinta: kana so kalma da bugu su tashi tare, alhali kalmar ta riga bugun da rabin taki. "Ya" na kan biyu. "Ra" na kan hawan da ke bayan biyu. "Ba" na kan uku. To ga ramin da kake faɗawa: "ba" ta biyu na kan huɗu, "ki" na kan hawan da ke bayanta, "run" kuma na kan ɗaya na sabon zagaye, daidai inda kake sauya kod daga C zuwa Am. Kafin su kuma kana jan numfashi. Abu uku ke nan a cikin daƙiƙa biyu: numfashi, gajerun gaɓoɓi biyu a guje, da sauyin yatsu. Ko gwani sai ya rage gudu a irin wannan kwanar.

Sa kibiya mai kallon ƙasa a kan re, ya, ba, ba, run da tsa, mai kallon sama kuma a kan da, ra, ki da "ba" ta ƙarshe. Da ka yi haka, abin ya tashi daga kiɗa da waƙa ya koma jerin mahaɗa: nan hannu na sauka baki na cewa "re", nan hannu na hawa baki na cewa "ra", nan hannu na tafiya shi kaɗai baki na hutawa. Ƙwaƙwalwa ta fi son haka, don abu ɗaya aka ba ta ta koya, mai hannu da baki a cikinsa. Wannan atisayen ma ba lallai sai da jita ba. Kana zaune kana jiran wani, ka riƙa shafar cinyarka da bayan yatsu, ƙasa da sama, kana faɗin layin a hankali.

Ka yi shi sannu-sannu har abin ya ba ka kunya. In 60 ta yi sauri ka rage zuwa 50. Kuma kada ka riƙa komawa farkon kiɗa duk lokacin da ka faɗi. Yanko wurin da ke ciwo kawai, daga bugu na uku zuwa "tsa", ka yi ta zagaya shi. In ya fita sau biyar a jere ba kuskure, ƙara wa metironom 4 ko 5. Hannu bai san daidai ba bai san kuskure ba, abin da aka fi maimaita masa shi yake riƙewa. Wanda ya yi sau talatin a guje yana faɗuwa a wuri ɗaya, faɗuwar ya haddace, ina kuma jin abin da ka yi ta yi ke nan a 'yan watannin nan.

Bayan kwana uku ko huɗu sai ka dawo da hannun hagu bakin aiki. Fara da kaɗawa sau ɗaya tak a kan kowane "ɗaya", ka bar sautin ya yi ta amo har zagaye ya ƙare, hannun dama na ci gaba da lilonsa a iska. In wannan ya zauna, ka kaɗa a kan kowane bugu. Ka yi sa'a da kod ɗin da ka zaɓa, domin daga C zuwa Am yatsa ɗaya ne kawai ke tashi. Manuni yana nan a tsirkiya ta biyu (daga siririya ake fara ƙirga su), firet na farko, wato gida na farko a cikin gidajen da sandunan ƙarfe suka raba a wuyan jita. Na tsakiya yana nan a tsirkiya ta huɗu, firet na biyu. Yatsan zobe ne kaɗai zai bar tsirkiya ta biyar a firet na uku ya koma ta uku a firet na biyu. A muryar da ka turo sautin yana yankewa ɗungurungum a wurin, alamar kana ɗage yatsun uku duka ka sake jera su. Bar biyun a inda suke. Yatsan zoben kuma ka ɗaga shi da wuri, a kan "ki", kada ka jira "run". Hawan nan na ƙarshe ko a kan tsirkiyar da ba a danne ba ya faɗa, babu mai lura; ka saurari masu jita da kyau, za ka ji da yawansu haka suke yi. Abin da kunne ba ya yafewa shi ne "ɗaya" ta makara.

Hannun dama kuwa doka ɗaya gare shi: ba ya tsayawa. Salon kaɗawar nan da kusan kowane mai koyo ke fara so, sauka, sauka-hawa, hawa, sauka-hawa, lilon nan ne dai mai motsi takwas, a wasu wuraren hannu na taɓa tsirkiya, a wasu yana wucewa ta iska. A wannan salon saukar da ke kan uku ce ake tsallakewa, ita kuwa waƙarka a kan ukun nan "ba" take zaune. Don haka ka bar shi sai can ƙarshe, in ma ka ga dama ka bar shi gaba ɗaya. Sauka huɗu masu tsabta sun ishi wannan waƙar.

Rerawa ce ta ƙarshen shigowa, ita ma da matakanta. Fara da baki a rufe, kari kawai ta hanci. Sai "la la la". Sai kalmomi. Wasu sukan ga wannan wasan yara ne su tsallake, amma kalma ta fi kari cin hankali, domin ma'ana gare ta, ballantana kalmar da mutum ya rubuta wa mahaifiyarsa. Ka kuma haddace baitocin sarai, yadda ko daga barci aka tashe ka za ka kawo su. Ido a kan takarda shi ma aiki ne, kai kuwa rage aiki muke yi. Ka riƙa rera su kana tafiya, takunka na zame maka metironom. Ƙafa ta daɗe da kaiwa mataki na uku, saboda haka tafiya ita ce wuri mafi sauƙi da baki zai saba da zama a kan bugun da ba shi ke juya shi ba.

Minti ashirin kullum ya fi awa uku a ranar hutu. An gwada abin a ɗakunan bincike: mutanen da aka koya wa jerin motsin yatsu, da suka yi barci suka tashi sai aka ga sun fi yadda suka kwanta sauri da daidaito, ba tare da sun ƙara atisaye ba. Za ka gani da kanka, abin da ya gagare ka da dare, da safe ya faɗo kamar da ma can yana nan. Ranar da abu ya cije, jingine jitar ka kwanta. Waƙar rashin barci ce, na sani, amma kai da barci za ka koye ta.

Saura muryar kanta. An ce da daɗi, na yarda, amma wadda na ji a shaƙe take, kuma ko ban gan ka ba na san yadda ka zauna: ka duƙufa a kan jita, haɓa a ƙirji, ido a kan yatsun hagu. Irin wannan zaman yana matse ciki, ya hana tantanin da ke ƙarƙashin huhu sauka yadda ya kamata, ya kuma lanƙwasa maƙogwaro. Zauna a bakin kujera marar hannu, baya a miƙe, jita ta zo wurinka. Zaɓi wani abu a bango daidai tsayin idonka, ƙusa ko agogo, ka riƙa yi masa waƙa. Yatsu su koyi hanyarsu ba jagora. Wasu har fitila suke kashewa don wannan. A takardar nan kuma ka sa alamar wurin numfashi, bayan "raba", a kan hawan da ke bayan uku, ka ja shi gajere ta baki.

Akwai kuma batun inda ka ajiye waƙar. "Run" tana can ƙasan muryarka, da ƙyar take fita. C da Am sun yi wa yatsunka daɗi, shi ya sa ka gina waƙar a kansu, amma ba a yi shawara da maƙogwaro ba. Maganin wannan kafo ne, ɗan maƙalin nan da ake matsewa a wuyan jita. Kowane firet ɗaya da ka matsar da shi yana ɗaga sautin da rabin mataki, su kuwa yatsunka babu abin da ya canza musu. In ka sa shi a firet na biyu ka kama C, abin da ke fita D ne; a na huɗu, E. Gwada daga na ɗaya zuwa na biyar, ka tsaya inda ƙasan waƙar ke fita ba gurnani, samanta kuma ba ihu. Waƙar da ta zauna daidai maƙogwaro ba ta cin hankali da yawa, wanda ya rage sai ya tafi wurin hannu. Duk lokacin da ka ɗauki jita kuma ka saita tsirkiyoyinta, E, A, D, G, B, E daga mai kauri zuwa siririya, ka sake dubawa bayan ka maƙala kafo. Tsirkiyarka ta B ta ɗan sauka a muryar nan, murya kuwa abin da kunne ya ji take bi.

To in mako huɗu ya wuce abin bai zauna ba fa? Akwai ƙofa biyu, babu ta kunya a cikinsu. B.B. King, gwanin kiɗan buluz na Amurka, ya haura shekara sittin yana hawa dandamali, kuma galibi ba ya haɗa su. Yakan rera layi, ya yi shiru, jitarsa da ya raɗa wa suna Lucille ta amsa masa. (Shi da Ɗan Maraya a shekara ɗaya suka rasu, 2015, 'yan makonni ne tsakaninsu.) Shi dai yana da makaɗa a bayansa masu riƙe masa bugu, kai kuwa ƙafarka ce za ta riƙe maka. Kaɗa sau ɗaya a kan "re", ka bar ta tana amo ka rera, ka sake kaɗawa a kan "run", in layi ya ƙare ka cike gurbin da ɗan kiɗan da kake so, har ma da wancan na ɗai-ɗai da na ce ka ajiye. Ga waƙa mai sanyi irin taka, ni a kunnena wannan ma ya fi dacewa.

Ƙofa ta biyu abokin naka ne. Kada ka riƙe shi a zuci, magana ce ta suɓuce masa. Je ka ce masa, "Zo ka kaɗa mini in rera." Ko ba don ranar taro ba, atisaye ne mai kyau: shi ya kaɗa kai ka rera, sannan ku musanya, kai ka kaɗa shi ya rera. Na biyun ne ya fi amfani, domin hannunka zai koyi tsayawa a turkensa alhali wata murya na jan sa. In ba ya samuwa wayarka ta isa: ɗauki kiɗanka ka rera a kansa, ɗauki muryarka tare da metironom ka kaɗa a ƙarƙashinta. Amma na fi so ya zo. In ya zauna yana ganin yadda kake ciyo wurin kaɗan-kaɗan, maganar baiwa da kanta za ta mutu, ba sai ka yi masa gardama ba.

A mako biyun ƙarshe ka canza salon atisaye. Zuwa nan gyara kake yi, kana tsayawa duk inda aka yi kuskure. Yanzu sai ka koyi wucewa: daga farko har ƙarshe ba tsayawa, ko me ya faru. Wanda bai koyi wannan ba, a gaban mutane da ya yi kuskure sai ya tsaya ya ja tsakin nan, ya nuna wa kowa abin da ba su ma lura da shi ba. Ka rera wa mutum ɗaya tukuna, wanda ba ka jin nauyinsa, sannan biyu ko uku. Idon mutane yana cin nasa kason na hankali, yana kuma sa zuciya gudu, hannu ya bi ta. Karon farko da na yi waƙa da jita a gaban jama'a wani ya ɗauka a kaset. Na fara kamar mai rarrashin jariri, na ƙare kamar wanda kare ya biyo. Waƙar minti huɗu na gama ta a uku, ban kuma sani ba sai da aka kunna mini. Tun daga ranar, kafin in taɓa tsirkiya sai na rera amshin a zuci, na taka ƙafa zagaye biyu, sannan in fara ƙasa kaɗan da saurin da zuciyata ke so.

Akwai kuma abin da metironom ba ta da maganinsa. Za ka ɗaga kai a tsakiyar "ba ki runtsa ba" ka haɗa ido da matar da ba ta runtsa ɗin ba. Mai yiwuwa ta riga ka fara hawaye, maƙogwaron da kuka ya shaƙe kuwa ba ya rera komai. Wannan ma ka shirya masa tun yanzu. A atisayenka ka riƙa yin shiru da gangan a tsakiyar baiti, hannu na ci gaba da zagaya C da Am, zagaye biyu, huɗu, ko nawa ne, sannan ka sake shigowa da "da" a kan hawan ƙarshe. Masu sauraro za su ɗauka haka aka tsara waƙar. In ka ga idonta ya fi ƙarfinka, koma kan agogon bango har ka kai amshi.

Ka gaishe mini da Mama. In an yi taro lafiya ka turo mini muryar ranar, ina so in ji baiti na biyu.